Fashi Ukun Mazamaza

A gidansu ba wanda yake kiranta da sunan yanka. Tun tana 'yar shekara shida, duk aiken da za a yi mata da kalma ɗaya yake farawa: maza-maza kawo tsintsiya, maza-maza duba tukunya, maza-maza rufe ƙofa. Da haka sunan ya manne mata, ya bi ta har makaranta. Ta kai aji biyar na sakandare ana ce mata Mazamaza, ita ma tana amsawa ko a jikinta.

A wannan zangon aka kawo musu wani malami siriri mai saurin tafiya, wanda ba ya son alli. Duk abin da ka tambaye shi, sai ya ce, "A gwada a gani." Kafin sati ya zagayo yara sun raɗa masa Malam A-Gwada. Ranar farko bai ko bari sun zauna ba, ya kwashe su zuwa bayan ajin, inda aka jibge karyayyun kujeru shekara da shekaru, har ƙadangaru sun yi unguwa a ciki.

"Kun ga wannan tulin?" ya ce. "Shi ne littafinku na bana. Shugabanci ba a haddace shi. Kowane rukuni mutum bakwai, ku zaɓi shugabanku, ku rubuta dokarku, ku yi aikinku. Ni ɗan kallo ne."

Rukunin su Mazamaza aka ba kujeru arba'in, a gyara cikin sati takwas. Wani kafinta zai riƙa zuwa duk Talata da Alhamis, daga ƙarfe biyu zuwa huɗu, ya koya musu riƙon guduma da zarto. A ƙarshe a yi ranar baje koli, iyaye su zo su gani, a ba shugabannin rukuni takardar yabo.

Wani yaro da ake kira Lauya, saboda bakinsa ba ya hutu, shi ya fara neman shugabancin. Ya hau kan dutse ya yi jawabi mai tsawo. Yana cikin zuba, Mazamaza ta naɗe hannun riga ta raba kujerun gida uku: masu karyayyar ƙafa, masu ɓallallen baya, da waɗanda sai dai a cire katakonsu a yi wa sauran faci. Ba don neman wani abu ta yi ba, ita dai ba ta iya ganin aiki a zube ta tsaya. Da aka ce a ɗaga hannu, hannu biyar suka tashi mata. Lauya ya samu nasa da na abokinsa, wanda shi ma daga baya ya ce soshin kai yake yi.

Da aka zo rubuta doka, ita da bakinta ta kawo ta farko: duk wanda ya yi fashi uku ya fita daga muƙaminsa, ko da shugaba ne. Lauya take hari, don ta san halinsa. Doguwa, ƙawarta da aka ba muƙamin sakatariya, ta rubuta a shafin farko, kowa ya sa hannu. Kafinta ya miƙa wa Mazamaza makullin akwatin kayan aiki, ta zura shi a zare ta rataya a wuya. Ran nan ta koma gida kamar ta zuba ruwa a ƙasa ta sha. Tun da take, ba ta taɓa cewa a yi abu wani ya tashi ya yi ba.

Abba ya fi ta murna. Shi ne shugaban kwamitin iyayen yara na makarantar, mutum mai son taro da lasifika. "Jinina ne," ya ce yana bugun ƙirji. "Ai shugabanci gado ne a gidan nan. Ga yayanta kyaftin, ga ta shugaba." Kafin magariba ya sanar da maƙwabta uku.

Umma tana kan keken ɗinki a ɗakin gaba, inda take karɓar masu kawo ɗinki. Ko ɗagowa ba ta yi ba. "To, Allah ya sanya albarka. Maza-maza ki cire kayan makaranta, ga wanke-wanke can tun na safe."

Yaya kuwa yana kwance a doguwar kujera da waya a hannu, inda yake kwance tun da ya gama sakandare shekara biyu da suka wuce, yana jiran gurbin karatu. Ba ya tashi sai in lokacin ƙwallo ya yi, don shi ne kyaftin na ƙungiyar unguwa. Ya ce, "Shugabar kafintoci! In kin wuce ki miƙo mini ruwa."

Sati biyun farko komai ya tafi daidai. Takan tashi da asuba ta yi shara, ta dafa abin kari, ta yi wa 'yan biyu wanka, ƙannenta 'yan shekara huɗu, ta jiƙa wanki, sannan ta ruga makaranta. A can Malam A-Gwada ya koya musu wata dabara: allo mai layi uku, Za A Yi, Ana Yi, An Gama. Kowane aiki a rubuta shi a ɗan kati da sunan mai yi, in ya motsa a matsar da katin. Mazamaza ta ƙaunaci allon nan. Kujera goma sha ɗaya suka tsaya da ƙafafunsu.

Talatar sati na uku, tana ɗaura takalmi, Umma ta leƙo da tef a wuya.

"Yau daga tashi ki wuce ki ɗauko 'yan biyu. Ina da ɗinkin gaggawa, matar za ta zo ƙarfe biyar."

"Umma, yau Talata."

"Na sani. Ba ni na haifi Talata ba, amma ni na haife ki."

"Ga Yaya nan ba abin da yake yi."

"Yayanki namiji ne, shi zai zauna da yara? Ki ji mini yarinya. Kujerun ba guduwa za su yi ba."

Kujerun ba su gudu ba, amma Doguwa ta rubuta fashi na ɗaya a gaban sunan shugaba, tana ba ta haƙuri kamar ita ta yi laifin.

Mazamaza ba ta yi fushi ba, tunani ta yi. In allo ya iya sa Lauya riƙe guduma, me zai hana ya yi aiki a gida? Ta samo bayan tsohuwar kalanda, ta ja layi uku, ta liƙa a ƙofar kicin. Ta yanka kwali ta rubuta ayyukan gidan kaf, ta ƙirga su goma sha tara. Ta ba Yaya uku kacal: cika duro da ruwa, zubar da shara, da ɗauko 'yan biyu Talata da Alhamis. Ta ba Umma girkin rana na waɗannan ranaku biyu. Abba ta ba shi ɗaya, sayo gas in ya ƙare. Sauran goma sha huɗu ta bar wa kanta, tana ganin ta yi adalci har ya yi yawa.

Abba ya tsaya gaban allon da tabarau, ya karanta, ya yi dariya har da riƙe ciki. "Kai, makarantar nan tana aiki! Wallahi sai na faɗa a taro." Ya cire katinsa ya mayar ƙarƙashin sunanta. "Gas ai a hanyarki yake."

Umma ta ce ba a taɓa rubuta mata aiki a takarda ba tun da ta zo duniya, kuma ba 'yar da ta goya ce za ta fara ba. Yaya ya bar nasa kwana biyu a layin Ana Yi. Ran na uku duro ya bushe ƙaƙas, Umma ta ƙwala kira, kuma ba sunan Yaya ta kira ba. Kafin sati ya ƙare katunan goma sha tara sun taru wuri ɗaya, sai guda da 'yan biyu suka tauna.

Abu ɗaya ta roƙa, ɗauko yara ranar Alhamis. Ta wanke wa Yaya rigar ƙwallo, ta goge, ta haɗa da takalmi. Ya rantse har da ɗaga yatsa sama cewa ya ɗauke mata.

Ya cika alkawari, ta wani gefen. Ƙarfe biyu daidai, tana buɗe akwatin kayan aiki, sai ga shi a ƙofar makaranta da yaro a kowane hannu, cikin rigar da ta goge.

"Ga su na ɗauko. An matso da wasanmu, ni na wuce."

"Yaya, don Allah! Ina zan kai su?"

"Ke ba shugaba ba ce? Ki san dabara. Mutum goma ke jirana."

"Ni ma shida ke jirana."

Ya riga ya yi nisa. Ta ja yaran zuwa bayan aji, ta zaunar da su a inuwa. Minti biyar ba a yi ba ɗaya ya cika baki da ƙusa. Kafinta ya ajiye zarto ya ce, "'Yata, ki yi haƙuri, ga ƙusa ga zarto, ba zan ɗauki alhakin 'ya'yan mutane ba." Ta cire makullin ta ba Doguwa aro, ta goya ɗaya ta ja ɗaya. Fashi na biyu ke nan.

Malam A-Gwada yana da wata magana da yake yawan maimaitawa: in ɗan rukuni ya maƙale, kada ku zauna kuna gulmarsa, ku je ku ga abin da ya riƙe shi. Su kuwa yaran nan sun ɗauki maganarsa da gaske fiye da yadda shi kansa ya zata. Ranar Asabar da hantsi, Mazamaza tana tsugune a tsakar gida tsakanin baho uku na wanki, sai ta ji sallama baki shida.

Doguwa ta dubi wankin, ta dubi tulin kwanuka, ta dubi 'yan biyu da ke birgima cikin kumfa. "Lallai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo," ta ce. "Shugaba, raba mana aiki."

"Ku rufa mini asiri ku tafi."

"Dokarki ce, layi na huɗu: aikin ɗaya aikin kowa."

Ba yadda ta iya, ta raba. Biyu wanki, biyu ɗauraya da shanya, ɗaya shara da ruwa. Lauya aka ba tukwane, ya zauna a kan turmi yana kankara yana jawabi a kan haƙƙin ɗan Adam. Aikin da kan cinye mata Asabar sukutum, kafin awa ɗaya an gama. Suka zauna a tabarma suka yi taronsu, suka tsara yadda za su kammala kujeru sha tara da suka rage. Mazamaza ta yi dariya ran nan irin wadda ta daɗe ba ta yi ba.

Sai dai akwai wata mata a ɗakin gaba da ta zo gwada riga, ta kuma ga komai ta taga. Da za ta fita ta tsaya ta riƙe haɓa. "Ikon Allah! Duk wannan aikin da mutum bakwai suka yi, yarinya ɗaya ke yinsa kullum?" Ta waiga ta kalli Yaya a doguwar kujera. "Wannan ba shi da lafiya ne?"

Umma ta yi dariyar yaƙe, ta raka ta har waje. Ta jira yaran suka tafi, sannan ta dawo ta ja ƙofa.

"Kin kyauta. Kin tara mana jama'a kin tona mana asiri. Gobe duk unguwa za a ce ina bautar da ke."

"Umma, ba ni na kira su ba."

"Wace 'ya ce ba ta aiki a gidansu? Ni da nake kamarki, gidan mutum ashirin nake riƙewa, ban mutu ba. Don kanki nake yi, gobe gidan wani za ki."

Yaya ya tashi zaune, abin da ba kasafai yake yi ba. "Ta sa ƙaramin yaro ya zo yana wanke tukunya a gabana don a raina ni. Wallahi wannan malamin ɓata tarbiyya yake."

Umma ta ɓalle allon daga ƙofar kicin, ta ninke shi ta tokare ƙafar keken ɗinki da ke rawa. Ba wanda ya ce aikin ya yi mata yawa. Abin da ya ɓata musu rai shi ne an gani. Daga ran nan aka hana kowa daga makaranta taka gidan, aka kuma ƙara mata guga, don kada ta ce bakinta ya yi tasiri.

Ta lallaɓa ta tsallake sati biyu ba fashi, da roƙo da wayo da tashin asuba. Kujera talatin da huɗu suka tsaya. Saura shida, saura sati biyu. Har ta fara tsara abin da za ta faɗa ranar baje koli, tana maimaitawa a ranta in tana wanke-wanke.

Ranar Litinin da yamma Abba ya shigo yana shafa hannu. "Gobe ƙarfe huɗu kwamiti zai zauna a nan gidan. Mutum goma sha biyu. A yi abinci mai kyau, kada a kunyata ni."

Umma ta dubi Mazamaza. Mazamaza ta dubi ƙasa. Bayan ya ci abinci ta je ta durƙusa a gefensa.

"Abba, gobe Talata. Na yi fashi biyu. In na ƙara ɗaya za a sauke ni."

"Wa zai sauke ki?"

"Doka ce, Abba. Mun sa hannu."

"Doka!" Ya yi dariya. "Dokar yara? Ni ne shugaban kwamiti. Kalma ɗaya zan yi wa malaminku. Kin san ma a kan me za mu zauna? A kan ranar baje kolinku. Ai aikinku za ki taya. Tashi, Allah ya yi miki albarka."

Washegari ta dawo ƙarfe biyu ta shiga kicin. Ta dafa, ta soya, ta jera faranti goma sha biyu. Tana shiga da tire tana fita, tana jin Abba yana bayani a kan yadda sabon tsarin nan yake koya wa yara tsayuwa da ƙafafunsu. Wani dattijo ya karɓi kofi daga hannunta ya ce, "Kai, yarinya mai tarbiyya. Shiru-shiru da ita." Abba ya ce ai haka ya rene su. Maganar malami kuwa bai yi ba. Da ta tuna masa da safe, ya ce yana sane, ya shiga mota.

Ranar Alhamis Malam A-Gwada ya tara rukunin. Ya ce doka tasu ce, in sun ga dama su yafe. Abin mamaki, Lauya ne ya fara ɗaga hannu. "Ni na wanke tukwanen gidan nan da hannuna," ya ce. "Na shaida. A yafe." Duk suka ɗaga.

Mazamaza ta so ta karɓa, Allah ya sani ta so. Amma ta riga ta ji Umma tana cewa sati mai zuwa akwai ɗinki da yawa, Yaya kuma wasan ƙarshe ya matso.

"Na gode," ta ce. "Amma wata Talatar tana zuwa. In kun yafe yau, sai kun sake yafewa. Saura kujera shida, kuna bukatar wanda zai zo."

Ta cire zaren daga wuya ta rataya wa Doguwa. Malam ya buɗe baki, a karon farko bai ce a gwada a gani ba. Ya ce zai je ya ga mahaifinta. Ta roƙe shi kada ya je, don ta san a kan wa zai ƙare. Ta zagaya bayan ajin, inda tulin kujeru yake a da, ta yi kukanta ita kaɗai. Kukan bai daɗe ba, don lokacin ɗauko yara ya yi.

Ranar baje koli an jera kujeru arba'in a filin makaranta, sun sha fenti suna ƙyalli. Iyaye suka zauna a kai suna jijjigawa don su ji ko za su karye. Mazamaza tana layin baya da 'yan biyu a cinya. Abba ya hau mumbari cikin sabon ɗinki, ya yi jawabi ya sha tafi. Aka miƙa masa takardun yabo ya raba. Da aka zo rukunin kujeru ya gyara tsayuwa, ya waiga yana murmushi wajen 'yan kwamiti. Aka kira Doguwa.

Murmushin ya tsaya masa a fuska kamar an liƙa. Ya miƙa takardar, aka ɗauki hoto.

Sai da suka isa gida, ya zauna, ta shimfiɗa ledar abinci ta kawo tire, sannan ya fashe.

"Kin kunyata ni. Na gaya wa duniya 'yata ce shugaba, a gaban kwamiti a kira 'yar wani? Wane irin sakaci ne wannan? An ba ki abu a hannu kin kasa riƙewa!"

"Ai na faɗa," in ji Yaya yana jawo faranti. "Shugabanci ba na kowa ba ne."

Umma ta ce, "Wasa ya yi mata yawa."

"Ina tambayarki," Abba ya ce. "Me ya sa ba a kira sunanki ba?"

Ta ajiye jug ɗin ruwa a hankali.

"An kira, Abba. Sau uku aka kira. Na farko Umma ta amsa mini. Na biyu Yaya. Na uku kai."

'Yan biyu suka ci gaba da taunarsu. Umma ta sunkuyar da kai tana tsince zare a zaninta. Yaya ya tsaya da cokali a iska. Abba ya dube ta, ya daɗe yana dubanta, kamar yau ya fara ganin tsawonta. Ta tsaya tana jira. Ba takarda take so ba yanzu, kalma ɗaya take jira daga bakin kowa a cikinsu.

Abba ya yi gyaran murya.

"To," ya ce. "Allah ya kai mu baɗi."

Ya miƙo mata kofi. Ta zuba masa ruwa.